Yadda Ake Binciken Aikin Asid Fosfatas a Hantar da Ta Ƙandare Saboda Toshewar Madaciya

Duk shekara sai na ga ɗalibin digiri na biyu ya shigo ɗakin gwaje-gwaje da wannan maudu'i a hannu, yana ta hanzarin zuwa gaban na'urar auna launi, kamar can ne aikin yake. Alhali kafin a kai ga na'ura, an riga an ci ko an faɗi. Asid fosfatas inzayim ne, wato furotin da ke gaggauta aikin sinadarai a jiki, mai saurin mutuwa, mai yawan 'yan uwa masu kama da shi, kuma mafi yawansa a kulle yake cikin jaka a ƙwayar hanta. Wanda bai san waɗannan abubuwa uku ba zai samu lambobi, amma lambobin ba za su faɗa masa komai game da hanta ba. Wannan bayani na rubuta shi domin wanda zai yi aikin da hannunsa, da kayan da muke da su a jami'o'inmu.

Ka fara sanin abin da kake tambaya

Idan ruwan madaciya ya kasa fita daga hanta tsawon lokaci, sai ya taru ya riƙa cin ƙwayoyinta, ƙananan bututu su yi ta tsirowa, tabo ya shimfiɗu daga wannan lungu zuwa wancan, har hantar ta yi tauri ta yi ƙulli-ƙulli. Wannan ita ce ƙandarewar hanta ta madaciya. Iri biyu ce. Akwai wadda garkuwar jiki ke cinye ƙananan bututun cikin hanta, wadda ta fi kama mata masu matsakaicin shekaru, kusan tara cikin goma na masu ita. A 2015 masana suka sauya mata suna suka cire kalmar ƙandarewa, domin yawancin waɗanda ake ganowa yanzu ba su kai wannan mataki ba. Akwai kuma wadda babban bututu ke toshewa: dutse, ko tsukewa bayan tiyata, ko jaririn da aka haifa bututunsa a shafe, wanda ake yi wa tiyatar Kasai.

Likita a asibiti ba asid fosfatas yake nema ba idan ya ga mai shawara. Alkalin fosfatas yake aunawa, da wani inzayim na hanta da ake kira GGT, da bilirubin, sinadarin da ke kawo rawayar shawara. Kada ka rubuta a gabatarwar kundinka cewa za ka samar da sabon gwajin gano cuta. Masu jarrabawa za su tsayar da kai a nan. Amfanin asid fosfatas shi ne yana ba ka labarin laisosom, wato ƙaramar jakar da ke cikin ƙwayar halitta wadda take narkar da shara. Gishirin madaciya kamar sabulu yake, yana iya kwance fatar jaka. Tagulla ma tana taruwa a cikin laisosom idan madaciya ta daɗe a toshe. Saboda haka tambayar kirki ita ce: shin jakar tana yoyo, ko yawanta ne ya ƙaru, ko kuwa wasu ƙwayoyi ne masu ɗauke da ita suka cika hantar?

Tarihin inzayim ɗin ma darasi ne. A 1949, a birnin Louvain na Beljiyam, Christian de Duve da abokan aikinsa suka auna asid fosfatas a niƙaƙƙiyar hantar ɓera, suka samu kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da suke tsammani. Suka ajiye samfurin a firji. Bayan kwana biyar suka sake aunawa, sai ga aikin ya hau yadda ya kamata. Jakar ce ta fashe a ajiye, inzayim ya fito. Daga nan aka gano laisosom, aka raɗa mata suna a 1955, shi kuma ya karɓi kyautar Nobel a 1974. Ka riƙe wannan labari, domin duk aikinka a kansa ya tsaya: akwai aikin da yake a sake, akwai aikin da yake a kulle.

Izini da dabbobi

Kafin ka taɓa ɓera ko ɗaya, ka kai tsarin aikinka ga kwamitin kula da amfani da dabbobi na jami'arku. Idan da jinin mutane za ka yi aiki, kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ne zai duba, kuma kowane majiyyaci sai ya amince bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Kai kuma ka tabbata ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, domin a yankinmu shi ne ya fi yawa cikin masu ciwon hanta, kuma jinin da za ka riƙe ba ya zuwa da tambari a goshi.

Hanyar da aka fi bi ita ce ɗaure babban bututun madaciya a ɓera. Kountouras da Billing da Scheuer ne suka tabbatar da ita a 1984 a matsayin hanyar samar da ƙandarewar hanta, kuma cikin mako huɗu hantar kan kai ga hakan. Ka nemi fararen ɓeraye masu jinsi ɗaya da nauyi kusan ɗaya, gram 200 zuwa 250, daga wurin kiwo na gaskiya irin na cibiyar binciken dabbobi ta Vom ko gidan dabbobin jami'a. Ka bar su su huta mako guda ko biyu kafin aiki. Ka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin ido ba: waɗanda za a ɗaure wa bututu, da waɗanda za a buɗe cikinsu a taɓa bututun a rufe ba tare da ɗauri ba. Rukuni na biyun nan su ne madubinka. Ɓeran da ba a yi wa tiyata ba sam bai isa kwatance ba, domin yanka kaɗai da maganin barci suna motsa laisosom.

Kada ka tsaya a rana ta 28 kawai. Idan kuɗi ya ba da dama, ka ware ɓeraye na rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28. Abin da ke faruwa a makon farko, lokacin da ƙwayoyi ke mutuwa, daban yake da abin da ke faruwa bayan tabo ya zauna. Ka kuma ƙara adadi a rukunin ɗauri, domin wasu za su mutu a hanya.

Tiyatar

Wannan ba aikin da ake koyo daga takarda ba ne. Ka samu likitan dabbobi ya tsaya a kanka, ko shi ya yi kai ka riƙe masa. Ana sa ɓera barci da ketamin haɗe da zailazin, a aske ciki, a goge da ayodin, a tsaga tsakiya daga ƙasan ƙirji kamar santimita biyu zuwa uku. A ɗaga gefen hanta a hankali da auduga mai danshi, a ja hanji ƙasa. Ɓera ba shi da jakar madaciya, don haka bututun siriri ne kai tsaye daga hanta zuwa hanji, yana kwance kusa da babbar jijiyar jinin da ke shiga hanta. A raba shi da ita da taushin hannu, a ɗaure da zaren siliki wuri biyu, a yanke tsakani. Yankan nan kada a bar shi. Idan ɗauri ɗaya aka yi, bututun kan sake buɗe wa kansa hanya, shawara ta washe, ka wayi gari da ɓera mai lafiya a rukunin marasa lafiya. Kuma a ɗaure can sama kusa da hanta, domin ƙasa da nan bututun saifar sukari (pancreas) ke haɗuwa da shi.

Bayan an ɗinke, a ɗumama ɓeran har ya farfaɗo, a ba shi maganin zafi na kwanakin farko. A riƙa yi musu allurar bitamin K duk mako, saboda idan babu madaciya a hanji jiki ba ya tsotsar wannan bitamin, jini ya daina daskarewa, su zubar da jini su mutu. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu za ka ga fitsari ya koma ruwan ɗorawa mai duhu, daga baya kunnuwa da tafin ƙafa su yi rawaya, kashi ya yi fari-fari. Ka riƙa auna nauyinsu kana rubutawa. Wanda ya rame ƙwarai, ya daina ci, ya takure a lungu, kada ka bar shi yana wahala don kana son cika lamba. A kashe shi cikin sauƙi, a rubuta dalili.

Ranar ɗaukar samfuri

A nan mafi yawan bincike ke lalacewa. Ka shirya komai tun daren jiya, ka sayi ƙanƙara mai yawa ka cika kula biyu, ka tabbata akwai mai a janareta. Ka fara da sassafe kafin zafi ya taso, musamman a watannin Maris da Afrilu da ɗaki kan yi kamar murhu. Ka hana ɓerayen abinci na daren, amma ka sani yunwa da kanta tana ƙara aikin laisosom, don haka tsawon azumin ya zama ɗaya ga kowane ɓera. Kada ka gama rukuni ɗaya kaf sannan ka koma ɗayan. Ka riƙa ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can.

Jini daga zuciya ake ja, ɓera na cikin barci. Ka ja a hankali, ka cire allurar daga sirinji kafin ka zuba a kwalba, ka bar shi ya gangara ta jikin gilashi. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da nasu asid fosfatas, idan suka fashe sun gurɓata maka komai. Ruwan jinin da ya yi ja-ja, ko kaɗan ne, ka ajiye shi gefe. Kada ka yi amfani da kwalba mai fuloraid ko okzalet, suna danne inzayim ɗin. Da zarar jini ya daskare ka wulwula shi a injin wulwulawa (centrifuge) ka kwashe ruwan, kada ka bar shi zaune a kan gudan, domin ƙwayoyin daskarar da jini ma suna sakin nasu.

Ruwan jini idan ya zauna a buɗe, iskar kabon tana fita, pH ya hau, wato tsaminsa ya ragu, asid fosfatas ya fara mutuwa cikin awa ɗaya ko biyu a zafin ɗaki. Maganinsa a raba ruwan gida biyu nan take. Rabi a ɗiga masa asetik asid ko sitiret har pH ya sauko tsakanin 5 da 6, wannan na asid fosfatas ne. Rabi a bar shi yadda yake domin alkalin fosfatas, ALT (shi ma inzayim ne na hanta), GGT da bilirubin. Ka rubuta a jikin kowace kwalba, kada su cakuɗe.

Hanta kuwa, ka ciro ta da sauri ka tsoma a sukuros mai sanyi, ka goge da takardar tacewa, ka auna nauyi. Ka dubi bututun: a ɓeran da ɗauri ya kama, za ka ga ya kumbura kamar ƙaramar mafitsara cike da ruwa. Ka yanki daga ɓangare ɗaya a kowane ɓera, ka kasa uku: ɗaya cikin fomalin domin duba tabo, ɗaya domin yankan daskararre, ɗaya domin niƙa. Kada ka wanke hanta da ruwan gishiri mai fosfet. Fosfet shi ne abin da inzayim ɗin ke saki, yana kuma danne shi.

Niƙa hanta ba tare da fasa jaka ba

Ka haɗa sukuros mola 0.25, wato gram 85.6 a lita guda ta tataccen ruwa, ka sanyaya. Wannan ƙarfin shi ne daidai da ruwan cikin ƙwaya. A ruwa zalla laisosom kumbura take ta fashe. Gram ɗaya na hanta, mililita tara na sukuros. Ka yayyanka hantar da almakashi ƙanana-ƙanana a kan ƙanƙara, ka zuba a maniƙar gilashi ta Potter-Elvehjem, ita ma a nutse cikin ƙanƙara. Ka hau ka sauka a hankali, ka ƙirga, kuma adadin ya zama ɗaya ga kowa. Turmi da taɓarya da yashi, ko injin markaɗe, suna fasa komai. Idan su kaɗai gare ka, jimillar aiki kawai za ka iya aunawa, ka faɗi haka a kundinka.

Ga wani tarko da ban cika ganin an kula da shi ba. Ƙandararriyar hanta tauri gare ta, kamar ganda take a ƙarƙashin almakashi. Hannu da kansa zai ƙara ƙarfi wajen niƙa ta, ƙarin ƙarfin kuma ya fasa laisosom, sai ka ga aikin da ke sake ya hau, ka ɗauka cuta ce ta yi, alhali hannunka ne. Haka kuma gishirin madaciyar da ya cika hantar yana iya kwance jakunkuna a cikin kwalba bayan niƙa, ba a jikin ɓera ba. Domin ka raba gardama, ka yi gwajin cakuɗa: rabin gram na lafiyayyar hanta da rabin gram na marar lafiya, ka niƙa tare. Idan aikin da ke sake ya faɗo a tsakiyar na biyun, alhamdu lillahi. Idan ya zarce tsakiya da yawa, wani abu a hantar marar lafiya yana fasa jakunkunan lafiyayyar a cikin kwalba, kuma dole ka yi hattara wajen fassara.

Ka wulwula niƙan a ƙarfin g 600 na minti goma cikin sanyi, ka kwashe ruwan sama. A cikinsa laisosom suke. Ka lura g ma'aunin ƙarfin wulwulawa ne, ba shi ne adadin juyi a minti ba. Lissafinsa: 0.00001118 sau nisan kwalba daga tsakiyar inji a santimita, sau adadin juyi, sau adadin juyi kuma. Injin da nisansa santimita 10 ne, idan yana juyi 3,000 a minti, yana ba da kusan g 1,000. Mai injin wulwulawa mai sanyi da ke kaiwa g 20,000 zai iya ci gaba ya tattara laisosom a ƙasan kwalba. Wanda ba shi da shi kada ya damu, ruwan saman farko ya isa a kwatanta sake da kulle. Idan injinka ba mai sanyi ba ne, ka sa mazubansa a firiza kafin aiki.

Aikin da ke sake a ranar ake auna shi, cikin awa ɗaya ko biyu. Ba a daskarar da shi a dawo gobe. Ka tuna firjin de Duve.

Aunawa a ruwan jini

Hanya mafi sauƙi ita ce ta pNPP, wani sinadari marar launi wanda inzayim ke cire wa fosfet, ya bar nitrofenol, shi kuma ya koma rawaya idan aka zuba masa soda. Kana buƙatar bafa, wato ruwan da ke riƙe pH wuri ɗaya, ta sitiret mola 0.09 a pH 4.8, da wata irinta wadda aka ƙara wa tataret (sinadarin da ke danne wasu nau'o'in inzayim ɗin) milimola 40, da pNPP miligram 4 a kowace mililita, da sodiyam haidiroksaid mola 0.1, wato gram 4 a lita. pNPP a ranar ake haɗa shi, a naɗe kwalbar da takardar alminiyam. Idan ka ga ya yi rawaya tun kafin aiki, ya lalace, ka zubar. Na'urar auna pH kuwa ka daidaita ta da bafar 4 da ta 7 a safiyar.

Kowane samfuri kwalba uku gare shi. Ta farko: bafa mililita 0.5, pNPP mililita 0.5. Ta biyu: bafa mai tataret 0.5, pNPP 0.5. Ta uku kamar ta farko, ita ce kwalbar kwatance. Ka jera su a tukunyar ruwan ɗumi mai digiri 37 na minti biyar, kuma ka tsoma ma'aunin zafi ka gani da idonka, kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin maɓalli. Sai ka zuba ruwan jini mililita 0.2 a ta farko da ta biyu, ka danna agogo. Idan samfuran da yawa, ka riƙa ba da tazarar daƙiƙa 30 tsakanin kwalba da kwalba, ka tsayar da su da wannan tazarar. Bayan minti 30 daidai, ka zuba soda mililita 5 a kowace. A ta ukun, sai bayan soda ta shiga sannan ka zuba ruwan jinin. Ka karanta a nanomita 405.

Kwalba ta ukun nan ita ce ran aikin a wannan bincike, kuma ni da kaina na taɓa ƙonewa a kanta. A aikina na farko kwalbar kwatance ɗaya na yi wa kowa, ta ruwa zalla. Sakamako ya fito da kyau, ɓerayen ɗauri sun ninka na kwatance, har na fara zana jadawali. Wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji ya zo wucewa, ya ɗauki ragowar ruwan jinin ɓera ɗaya ya ɗaga saitin taga. Rawaya ne shar kamar an jiƙa kurkur. Ya ce, "Ɗana, wannan launin ka cire shi?" Na ce a'a, Baba. Ya ajiye kwalbar ya ce in sake. Na sake da kwalbar kwatance ga kowane ɓera, sai mafi yawan bambancin ya tafi. Bilirubin nake aunawa ina kiransa inzayim. Mako uku na aiki suka tafi, amma da ya kyale ni da ƙarya ta shiga kundi. Bilirubin rawaya ne, nitrofenol rawaya ne, jan jini ma yana shan haske sosai a kusa da 415. Duk mai aiki da jinin shawara ba shi da mafita sai kwalbar kwatance ga kowane samfuri.

Domin lissafi, ka zana layin ma'auni da tsantsar nitrofenol a cikin soda, daga sifili zuwa maikuromola 50. Na'ura mai kyau za ta ba ka kusan 18.5 ga kowace milimola a kwalbar santimita ɗaya, amma ka yi amfani da naka layin, tsofaffin na'urori sukan kauce. A ce bayan ka cire kwatance ka samu 0.250. Raba da 18.5, ka samu 0.0135. Sau jimillar ruwa, mililita 6.2, ya zama maikuromol 0.084. Raba da minti 30, ka sake rabawa da mililita 0.2, sau 1,000: kusan yunit 14 a lita. Abin da kwalba mai tataret ta bayar shi ne kason da tataret bai iya dannewa ba, wanda ya fi fitowa daga ƙwayoyin cin ƙashi, da ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye shara, da jajayen ƙwayoyin jini. Ka cire shi daga jimilla, ragowar ita ce mai jin tataret, irin ta laisosom da ta mafitsarar maniyyi (prostate).

Kafin ka taɓa samfuran gaske, ka ɓata yini guda kana tabbatar da abu biyu: launi yana ƙaruwa daidai da lokaci a minti 10, 20 da 30, kuma idan ka ninka samfuri launi yana ninkuwa. Idan layin ya lanƙwashe, ka tsarma samfurin. Niƙan hanta kusan kullum sai an tsarma shi sosai.

Sake da kulle a hanta

pNPP ba shi da zaɓi. Wasu inzayim na hanta da ba sa cikin laisosom su ma suna cin sa. Domin jimillar aiki ana iya lallaɓawa da shi, amma domin tambayar yoyon jaka, beta-gilisarofosfet ya fi, shi de Duve ya yi aiki da shi. Ana haɗa shi milimola 50 da bafar asetet milimola 50 a pH 5, tare da sukuros mola 0.25 domin jakar ta zauna lafiya lokacin gwaji. Kwalba ɗaya haka nan, ɗaya kuma a ƙara Triton X-100 kashi 0.1 cikin ɗari, wanda ke fasa duk jakunkuna. Minti goma kawai a digiri 37, domin tsami da ɗumi da kansu suna fasa laisosom idan aka daɗe. A tsayar da aikin da asid ɗin TCA mai sanyi, a wulwula, a auna fosfet ɗin da ya fito ta hanyar Fiske da Subbarow. Kwalabe sai an jiƙa su a ruwan asid an ɗauraye da tataccen ruwa, domin garin sabulun wanki yana iya barin fosfet a jikin gilashi.

Kwalba marar Triton ita ce aikin sake, mai Triton ita ce jimilla. Ka raba sake da jimilla sau ɗari. A lafiyayyar hanta da aka niƙa da kyau, sake ba ya wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Idan ɓerayen kwatancenka suna ba ka 50, kada ka ci gaba, matsalar tana hannunka ko a ƙanƙararka.

Ka auna furotin ta hanyar Lowry ko Bradford, ka ba da sakamako ga kowane miligram na furotin, da kowane gram na hanta, da kuma hanta gaba ɗaya. Ukun za su iya saɓawa, domin hantar ɓeran ɗauri tana girma, kuma wani kaso na nauyinta tabo ne da ruwa. Idan za ka yi Lowry a kan samfuri mai Triton, ka sani yana kawo gurɓata. Ka auna furotin a kason da ba a sa masa ba.

Ka duba da ido

Lamba daga kwalba ba ta gaya maka wace ƙwaya ce ta ba da ita. A hantar da madaciya ta toshe, ƙwayoyin Kupffer, wato ƙwayoyin garkuwa mazauna hanta, da sauran masu haɗiye shara suna ƙaruwa, kuma sun fi ƙwayar hanta asid fosfatas nesa ba kusa ba. Jimilla tana iya hawa alhali ƙwayar hanta ba ta ƙara komai ba. Abin da zai raba maka shi ne rini a kan yankan nama. Akwai hanyar Gomori ta 1941 mai amfani da dalma, wadda ke barin ɗigo baƙi-baƙi, da hanyar naftol mai barin ɗigo ja, wadda ta fi tsabta. Da yankan daskararre ake yi, domin zafin kakin farafin yana kashe mafi yawan inzayim ɗin. Idan sashenku ba shi da injin yankan sanyi, ka shirya da sashen nazarin nama na asibitin koyarwa tun kafin ranar yanka. Ka haɗa da yanka ɗaya da ba a sa wa abincin inzayim ba, da ɗaya da aka sa wa fuloraid. Dukansu kada su nuna launi.

A lafiyayyar hanta za ka ga ɗigogin sun yi layi a gefen ƙananan magudanan madaciya, kamar an jera tsakiya a zare. Ka duba ko layin nan yana nan a marar lafiya, ko ya watse cikin ƙwaya, ko launin ya koma kan manyan ƙwayoyi a gefen hanyoyin jini da cikin tabo. Yankan fomalin kuwa a rina shi da rinin Masson ko jan Sirius, masanin nama ya duba ba tare da ya san rukuni ba. Idan bai ga tabo ya kewaye ƙulli ba, kada ka kira shi ƙandarewa a kundinka, ka ce tabo.

Idan da mutane za ka yi

Majiyyaci ba ɓera ba ne, yana zuwa da tarihinsa. Namiji babba, mafitsarar maniyyinsa tana zuba asid fosfatas a jini. Tun 1938 Gutman da Gutman suka nuna hawansa a sankarar wannan gaɓa idan ta bazu. Yara masu girma suna da shi da yawa saboda ƙashi, don haka jaririn da bututunsa ya shafe sai a kwatanta shi da sa'ansa. Masu daɗaɗɗiyar toshewar madaciya ƙashinsu kan yi rauni, wannan ma yana ɗaga kason da ba ya jin tataret. A wurinmu kuma ga sikila da zazzaɓin cizon sauro, duka suna fasa jajayen ƙwayoyi, kuma mai sikila yakan yi dutsen madaciya tun yana matashi, don haka zai iya faɗowa cikin rukuninka da dalili biyu. Ka yi gwajin nau'in jini da na zazzaɓi ga kowa, da na ciwon hanta B da C, ka tambayi tarihin tsargiya, wadda ke sa tabo a hanta ta wata hanya daban.

Wajen lissafin ƙarshe, ɓera ɗaya ko mutum ɗaya shi ne lamba ɗaya. Idan ka auna samfuri sau uku, ka ɗauki matsakaicinsu. Ɓeraye shida da aunawa uku-uku ba su zama goma sha takwas ba. Ka kwatanta kowace rana da rukunin kwatancenta na ranar, ka nuna kowane ɗigo a jadawali, ka faɗi nawa suka mutu da nawa ka cire da dalilin cirewa. Ka ajiye bilirubin da alkalin fosfatas na kowane ɓera a layi ɗaya da asid fosfatas ɗinsa, domin ɓeran rukunin ɗauri da bilirubin ɗinsa ya dawo daidai a rana ta 28, bututunsa ya buɗe ne, kuma tun a takardar neman izini ya kamata ka rubuta cewa irinsa za a fitar da shi daga lissafi.